Tambayi Magini: Kanwa a bango, tayil mai tashi da rijiya kusa da sokawe

Jama'a salamu alaikum. Tunda damina ta zauna saƙonnin da ke shigowa kusan duk kukansu ɗaya ne, ruwa ya bi inda ba a aike shi ba. Ga waɗanda na zaɓo, sauran sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Bangon falona ta ƙasa kullum fenti ɓarewa yake, kanwa sai fitowa take fara fat, mun sake fenti kafin sallah ko wata uku ba a yi ba ya koma gidan jiya. Bango ɗaya ne kawai kuma banɗakin yara ne a bayansa. Maigida yace a manna tayil har ƙugu kowa ya huta, ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. A wannan maganar ke ce a kan hanya, amma dan Allah kar ki je ki ce wa maigida ni na faɗa. Wannan farin abin gishiri ne da ke cikin ƙasa da yashi da bulo, ruwa ke narkar da shi ya biyo da shi ta cikin bango, in ya iso waje ruwan ya bushe ya bar gishirin, kamar dai yadda gumi ke bushewa a riga ya bar farin shaci. Shi ne yake ture fenti yana cinye fulasta. To kinga mai fenti ba shi da laifi. In kuka manna tayil ƙofar fita kawai kuka toshe wa ruwan, shi kuwa ba komawa zai yi ba, hawa zai yi ya ɓullo ta saman tayil ɗin ko ya zagaya ta ɗaya gefen, a kwana a tashi tayil ɗin ma ya fara sakin bango, ga kuɗi sun tafi ga bulo na ta ruɓewa a ɓoye.

A fara gano daga ina ruwan yake tukuna. Wanda ke tasowa daga ƙasa ba ya ɓuya, yakan bi gindin bango a jere ba ɗaki ɗaya ba, da wuya ya wuce tsayin mita ɗaya, da damina ya ƙaru da rani ya lafa. Shi wannan tun wajen gini aka yi sakaci, ba a shimfiɗa ledar da ake sawa a kan fandisho kafin a ɗora bulo ba, ko an yi ta ciko a layi har waje ya fi ɗaki tudu, ko indararo na zuba a gindin bango. Amma ke bango ɗaya ne kuma banɗaki a bayansa, ni famfo nake zargi.

Ga gwajin da ba sai kin kira kowa ba. Da daddare a tari ruwa a bokiti saboda masu tashi, a cika tanki, a rufe duk wani kan famfo, a zura sanda mai tsabta a sa alama inda ruwan ya tsaya. Da asuba kafin kowa ya buɗe famfo don alwala a sake aunawa. In ya ragu to akwai inda yake zurarewa. Kafin a fasa bango a duba masai, a zuba rabin kofin zoɓo a ƙaramin tankin nan na bayansa kar a ja ruwa, bayan rabin awa a leƙa, in ruwan kwanon ya yi ja to robar ciki ce ta mutu, gyaran minti goma ne kuma ba ita ke jiƙa miki bango ba, a canza ta a sake gwajin. In har yanzu tanki na raguwa to bututun cikin bango ne. In kuwa tanki bai motsa ba, ruwan wanka ne yake bi ta tsagin tayil ɗin banɗakin ko ta bakin rariya, yara kuma kin san yadda suke wanka, bango ma sai sun wanke shi.

In tsohon gida ne mai bututun ƙarfe kar ma a tsaya faci, ta ciki yake tsatsa, ana toshe nan can zai ɓalle. A sa koren bututun roba ɗin nan da ake kira PPR, wanda ake haɗawa da wuta. Kuma ki tsaya kai da fata kar a shafe shi da siminti sai an saki ruwa ya kwana a ciki an ga ba ɗigo, domin wasu masu gyaran famfon ana gama haɗawa suke kiran birkila don a sallame su da wuri. Bayan nan sai a sassaƙe fulastar da ta lalace har a wuce shacin da kamar ƙafa ɗaya, a bar bangon ya sha iska sosai, in da hali ma a jira hunturu, sannan a yi sabuwar fulasta da yashi mai kyau a zuba maganin hana ruwa a kwaɓin. Fenti shi ne ƙarshe. In maigida har lokacin yana son tayil ɗinsa, bismillah.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Tayil ɗin ɗakina shekara ɗaya da sawa, in na taka wasu sai in ji ƙwas ƙwas, rannan da tsakar dare muka ji tas tas, da safe muka ga na tsakiya sun tashi sun yi tozo. Tayil ɗin ne jabu ko me? Daga wani ango a Kaduna.

AMSA: Ango ka sha ƙamshi. Da wuya a ce tayil ɗin ne, aikin ne. Ɗauki makulli ka bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa, duk wanda ya yi amo to ƙasansa holoƙo ne, mai aikin ɗan ɗiga siminti ya yi a kusurwa huɗu da tsakiya ya dangwala tayil a kai don ya yi sauri ya kuma rage siminti. Shi tashin kuma matsi ne. Tayil da daɓen da ke ƙarƙashinsa suna buɗewa suna tsukewa da zafi da sanyi, kowa da nasa gwargwadon, mu kuma muna son a haɗe su gam ba layi wai ya fi kyau, a kuma danna su jikin bango, to in suka motsa ba su da wajen zuwa sai sama. Ana barin tsakani na milimita 2 zuwa 3, akwai 'yan robobi masu ƙafa huɗu da ake sayarwa don haka, sannan a bar ɗan fili a gefen bango wanda sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake bi da shi gindin bango, zai rufe.

Tunda za ka koma kasuwa, ka juya tayil ka ɗiga ruwa a bayansa. In ya shanye nan take seramik ne, irinsa ake jiƙawa kafin a ɗora a siminti don kar ya tsotse ruwan kwaɓin. In ruwan ya tsaya bai shiga ba foselin ne, ya fi ƙarfi amma siminti zalla ba ya kama shi da kyau, gam ɗin tayil yake so, a shafe ƙasan duka da cokali mai haƙora. Lissafi kuma: kwalin tayil mai santimita 60 da 60 guda 4 ne a cikinsa, sukwaya mita 1.44 kenan, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kuwa ya kai sukwaya mita 13 da ɗoriya, kwali 10 zai rufe a takarda amma ka sayi 12 saboda yanka da sikatin da na ajiya. Ka duba lambar launi a jikin kwalayen ta zama ɗaya. Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Dei-Dei, launin da ka saya bana in ka koma baɗi da ƙyar ka same shi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, Allah ya hore min ɗan abin hannu ina so in sa wa mahaifiyata tayil a ɗakinta da tsakar gida gaba ɗaya, amma tsohuwa ta ƙi, wai ita a bar mata simintinta. Ya zan shawo kanta? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Allah ya yi albarka ɗan uwa, ya sa kai ma naka su yi maka. Amma ni ba zan taya ka shawo kanta ba, bayan Inna nake. Mai sheƙin nan da kake hange in ruwan alwala ya zuba a kai ko saurayi sai ya yi da gaske, balle tsohuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ne, da yawa daga ita ba sa ƙara miƙewa. Ga sanyi da hunturu ga mai ciwon gwiwa da ke sallah da zama a ƙasa. Tsakar gida kuwa tambaya ɗaya zan maka, ana daka a gidan? In dai za a girka turmi a kan tayil to ka yi sallama da shi. Da bazara kuma ba mai iya taka shi da rana ba takalmi.

Iyayenmu sun san daɓe tun kafin siminti, mata ne ke taruwa da maɗaɓi, a baza tsakuwa a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa ana bugu ana waƙa har ƙasa ta yi sumul, saboda haka in irinsu suka ce ga ƙasan da suke so, sun san me ƙafarsu ke faɗa musu. Ka sake mata simintin ɗakin a goge shi da kyau, a bari ya bushe sarai kafin a shimfiɗa leda mai kauri, don leda a kan danshi wari take kawowa, sannan darduma mai laushi. Kuɗin tayil ɗin ka kai su banɗakinta: mai kaushi wanda ba ya santsi, ƙasa ta gangara zuwa rariya kar ruwa ya kwanta, ƙarfen riƙewa a bango, da ɗan dakalin zama na alwala. Tsakar gida a yi intalok ko siminti mai gangare zuwa kwata, a ware mata kusurwar turmi.

TAMBAYA: Banɗakina sabo ne fes amma wari kamar salga, na gaji da zuba turare. Daga wata amarya a Jos.

AMSA: Amarya, warin sokawe ne yake dawowa ta bututu. Ƙarƙashin kowane sink da rariya ya kamata a samu lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa, ruwan nan shi ne murfin wari. Ko dai ba a sa ba, ko ya bushe don ba a amfani da wajen, ki zuba ruwa bokiti guda a rariyar ki gani. In bai daina ba a duba ko an fitar da bututun iska ya wuce saman rufi, a kuma duba inda masai ya haɗu da bututunsa. Kuma dan girman Allah kar ki haɗa bilic da asid ɗin wanke tayil, hayaƙin da suke fitarwa guba ne, a rufaffen banɗaki zai iya kayar da mutum.

TAMBAYA: Malam filina ƙafa 50 da 50 ne, ina da rijiya a tsakar gida, yanzu maƙwabcina ya haƙa sokawe jikin katangarmu, tsakaninsu da rijiyar bai fi taku shida ba. Akwai matsala? Daga wani magidanci a Gusau.

AMSA: Akwai, babba ma. Sokawe aikinsa kenan ya saki ruwa cikin ƙasa, rijiya kuma aikinta ta tara ruwan da ke cikin ƙasa, katanga ba ta raba su. Abin da masana lafiya ke so a bar mita 30 tsakani, in abin ya gagara kar ya gaza 15, kai kuwa filin naka gaba ɗaya mita 15 da 15 ne, kaga ko naka sokawen ma ya yi kusa. Kuma kar ka ce ai ruwan garau yake ba wari, ƙwayoyin taifot da kwalara ido ba ya ganinsu, da damina ruwan ƙasa ya taso abin ya fi muni. Daga yau rijiyar nan ta wanki da wanke tsakar gida ce, na sha da girki da wanke baki a nemo wani ko a tafasa. Ka samu maƙwabcin naka cikin mutunci, wataƙila bai ma san da rijiyar a nan ba, ku duba ko zai shafe ramin ciki da siminti ya zama rufaffe a riƙa kiran motar kwasa. In magana ta ƙi, mai unguwa da duba gari aikinsu ne. Kai kuma ka ɗaga bakin rijiyar, a zagaye ta da siminti, a yi murfi, guga ya daina kwana a ƙasa.

TAMBAYA: Na canza tanki daga lita 1000 zuwa 2000 amma shawa har yanzu tsiyaya take. Daga wani ma'aikaci a Bauchi.

AMSA: Yallaɓai girman tanki ba ya ƙara wa ruwa ƙarfi, tsayi ne ke ƙarawa. In tsakanin gindin tanki da kan shawa bai kai mita 2 zuwa 3 ba haka za ka yi ta fama. Duba kuma bututun da ya sauko daga tankin, inci ɗaya ya kamata ya zama, sai an kusa kan famfo a rage zuwa rabin inci, in tun daga sama aka sa siriri to an shaƙe ruwan. Kafin ka kashe ko sisi ma kwance kan shawar ka jiƙa shi a ruwan lemon tsami ya kwana, ruwan burtsatse na toshe 'yan hujojin da farin dutse. In ta kama sai an ɗaga tankin, ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin nan in ya cika tan 2 ne, nauyin buhun siminti 40. Kar ka bari mai walda ya ƙara wa tsohon ƙarfen da aka yi don lita 1000 tsawo, a yi sabo da ƙarfe mai kauri a binne ƙafafunsa cikin kankare, kuma a nisanta shi da inda yara ke wasa.