Hukuncin hawan dutse da saukowa da igiya don motsa jiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a Jos, ranar Asabar ni da abokaina mukan fita duwatsun Shere mu hau, in mun kai sama mu ɗaura igiya mu zuro ta jikin dutsen har ƙasa. Wani abokinmu ne ya koya a YouTube yake nuna mana, igiyar kuma a gwanjo muka samu amma tana da kauri sosai. To wani ustaz a unguwarmu ya ce haramun ne, wai duk wanda ya faɗo ya mutu kansa ya kashe, ba a masa sallah. Hajiyata ta ji maganar hankalinta ya tashi. Meye gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa alaikumus salam. Hawan dutse a karan kansa halal ne, babu mai jayayya, Annabi (SAW) ya hau Hira ya hau Uhudu.

Maganar ustaz ɗinku kuwa akwai gyara. Na san ayar da yake nufi, ta cikin Baƙara wadda ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, amma ai Abu Ayyubal Ansari ya faɗi dalilin saukarta, a kan Ansar ne lokacin da suka so su koma gyaran dukiyoyinsu su bar fita jihadi saboda Allah. Eh malamai sun ɗauki lafazinta a game, mun yarda, sai dai ba kowane haɗari ake kira halaka ba, in ba haka ba da mai haƙar rijiya da ake zura shi da igiya da mai gyaran wuta a kan falwaya duk sun zama masu saɓo. Abin da malaman fiƙihu suke dubawa shi ne rinjayen zato, in kuɓuta ce ta fi rinjaye ya halatta, in halaka ce ya haramta, da wannan ma'aunin suka halatta shiga jirgin ruwa. Ibnu Hajar Alhaitami daga Shafi'iyya ma ƙarara ya ce wasanni masu haɗari sun halatta ga gwanin da galibi yake tsira. Batun wai kansa ya kashe, wannan shi ya fi muni, mutumin da ya ɗaura igiya don kada ya faɗo ta yaya za a ce mutuwa yake nema? Kuma ko wanda ya kashe kansa da gangan jumhur, wato mafi yawan malamai, sun ce ana masa sallah, manyan mutane ne kawai suke janyewa don tsawatarwa. A riƙa jin tsoron Allah wajen hana gawar musulmi sallah.

To amma kada ka yi saurin murna ɗana, ni abin da ya tsaya min a tambayarka ba ustaz ba ne, igiyar gwanjon nan ce da malamin YouTube. Sharaɗin da aka sa shi ne gwaninta, ku kuma babu gwani a cikinku. Kaurin igiya ba hujja ba ne, igiyar hawa daban ake yin ta, kuma rana tana cin ta, ruwan batir in ya taɓa ta tana ruɓewa ido bai gani ba, ga kaifin bakin dutsen nan na Jos da yake gurzar ta duk saukowa, kai ba ka san hannun da ta bi ba kafin ta iso kasuwa. A wannan halin bai halatta ka rataya ranka a jikinta ba. Hadisi ya zo a Abu Dawud da tsawatarwa ga wanda ya kwana a saman soron da ba shi da katanga, kwana kawai fa. Shi ma abokin naka ya sani in ya yi sakaci wajen ƙulli wani ya faɗo, magana ta koma ta diyya da kaffara.

Abin mamaki a nan Shere ɗin akwai makarantar horo ta gwamnati, ta 'yan Man O' War, inda ake koyar da irin wannan saukowar. Ku je ku tambaya, ku samu ƙwararre da igiya sabuwa da ɗamarar ƙugu da hular kwano, a riƙa ƙulle ƙarshen igiya don kada mutum ya zurare ya wuce. In an yi haka babu laifi. Sakin hannu don a ɗauki bidiyo a ɗora a TikTok kuwa haramun ne ko da kayan sun cika. Da damina ku haƙura, dutse yana santsi ga tsawa.

Sai Hajiya. Wannan wasa ne ba farilla ba, in ka yi mata bayani ka nuna mata kayan da mai koyarwar amma zuciyarta ba ta kwanta ba, to ka bari, kada ka riƙa fita a ɓoye kana cewa lakca za ka. Kuma ku lura da gajeren wando, ɗamarar nan tana tattare shi cinya ta fito, in da mata a tawagar kada namiji ya ɗaura musu. Azahar da La'asar kada su wuce ku a sama, ku hau da ruwan alwala, in ya ƙare a mazhabar Malikiyya taimama a kan dutsen ma ta yi.

Wallahu a'alam.