Mofa mai matse kanta: ta murɗawa ko ta bokiti?

'Yar uwa, kin ce wuyan hannunki na ciwo, kina neman mofar goge ƙasa wadda ba sai kin sa hannu kin matse ba. To, ki bar ta murɗawa.

Ita wannan, irin wadda wata 'yar kasuwa mai suna Joy Mangano ta ƙirƙiro a Amurka a 1990, tana da wani bututun roba kamar hannun riga a jikin sandar. Ki ja shi zaren ya miƙe, ki murɗa, wasu 'yan haƙora a ciki su riƙe kada ya warware. Hannunki ba zai taɓa ruwan datti ba, gaskiya ne, amma ƙarfin matsewar daga wuyan hannun zai fito. Kuma haƙoran roba ne, da sun cinye shi ke nan, sai ta riƙa kuɓucewa.

Ta bokiti kuwa kwando ne mai huji-huji da ke juyawa da sauri, ruwan ya fallatsa gefe, tamkar yadda injin wanki ke tsane kaya. Iri biyu ce: mai feda da ake takawa, da wadda ake danna sandar ƙasa, wani murɗaɗɗen ƙarfe a ciki ya juya kan mofar. Ni dai mai feda zan ce miki, ƙafa ce ke aikin. Sai dai fedar ce ke fara lalacewa, don haka ki taka ta tun a shago, ki ji ko giyar da ke juya kwandon na tsalle.

Ki duba ma ko kan yana cirewa a wanke. Wanda ba ya cirewa, kwana kaɗan zai fara wari.