Filin Gyaran Turanci: "One of my brothers are" ko "is"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bana zan zana jarrabawar WAEC. Na rubuta "One of my brothers are a teacher", sai malaminmu ya ja jan biro a ƙarƙashin "are". Ai "brothers" jam'i ne, to ina kuskuren? Ya kuma soke mini "advices" da "borrow me your pen". Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana da gaskiya. Faɗi jimlar da Hausa ki ji: "Ɗaya daga cikin 'yan'uwana malami ne." Ba za ki ce "malamai ne" ba, domin a kan mutum ɗaya ake magana. Haka yake a Turanci. Aikatau, wato kalma irin "is", "are" ko "play", yana bin aikau ne, wato wanda ake zancensa, ba kalmar da ta fi kusa da shi ba. A nan aikau shi ne "one", don haka "is" za ki sa.

Ga dabara. Ki ɗora yatsa ki rufe duk abin da ya shiga tsakani, musamman in ya fara da "of", "with" ko "as well as", sannan ki karanta saura. "The box of matches is wet": in kin rufe "of matches", "The box is wet" ya rage. Haka "The principal, together with the teachers, is coming." Sai dai ki kula da wurare biyu da dabarar ba ta ci. Ana cewa "A number of students are absent", amma "The number of students is small". A "neither... nor" kuwa, sunan da ke dab da aikatau ake bi: "Neither the teacher nor the students were there."

Abin da ya fi kayar da ɗalibanmu shi ne harafin "s". A Hausa muna cewa "yana wasa", "suna wasa", kalmar "wasa" ba ta motsa ba. Bature kuwa aikatau ɗin yake taɓawa: "The boy plays", "The boys play". In "s" ta jam'i ta hau kan suna, sai ta sauka daga aikatau. Bayan "does" ko "can" ma ba ta zama: "He doesn't play".

Batun "advices", Hausa ce ta ja ki, tunda muna da shawara da shawarwari. A Turanci ba a ƙirga "advice", haka "information", "furniture", "equipment" da "luggage". Ba su ɗaukar "s", kuma "is" suke bi. In guda ɗaya kike nufi, ki ce "a piece of advice". "News" ma tilo ce duk da "s" ɗinta, "The news is good", alhali "police" jam'i ce, "The police are here".

Saura aro. Mu da kalma ɗaya muke cewa "na ari littafi" da "ara mini littafi". Turanci ya raba su: mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend". Ki ce "Lend me your pen", ko "May I borrow your pen?" Allah Ya ba da sa'a, 'yata.