Amsa ga ɗan ƙanwata kan harajin tura kuɗi gida

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an gaya maka Trump ya ɗora haraji a kan kuɗin da muke turowa gida, kana tambaya ko shi ya sa na Hajiya ya ragu, "ko kuwa wani dalili ne, Kawu?" Na gane wannan "wani dalilin". Za mu zo kansa.

Gaskiya ne, an sa harajin. Yana cikin babbar dokar da ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025, ya kuma fara aiki 1 ga Janairu 2026. Da fari kashi 5 cikin ɗari aka nema, majalisar wakilai ta mai da shi 3 da rabi, ta dattawa ta sauko da shi kashi 1. Wato a dala ɗari a cire ɗaya. Kuma ba don mu aka yi ba, masu dokar ba su ma san da zamanmu ba. Mutanen Meziko ake hari, su da ke aika sama da dala biliyan 60 gida a shekara. Tun yaƙin neman zaɓen 2016 Trump yake cewa ta wannan kuɗin zai matsa wa Meziko ta biya katangar iyaka, kuma a dokar nan an ware wa katangar sama da dala biliyan 46.

Abin da ba a gaya muku a can shi ne, wanda ya tura daga asusun banki ko da katinsa ba a cire masa ko sisi. Mai kai tsabar kuɗi kanti shi ke biya. Ni shekarata 28 a unguwar Bronx ta birnin New York, da takarduna, daga waya nake turawa. Masu biya su ne yaran da suka shigo kwanan nan, masu kai abinci a keke cikin sanyin da ke fasa leɓe, da mata masu kitso da ake biya a hannu. Wasunsu ta wannan iyakar suka tsallako bayan sun sayar da gonar gado, ga shi yanzu da guminsu ake son toshe ta. Dala biyu ko uku a wata ba ta kashe mutum, amma ranar Juma'a a ƙofar masallaci ka ji yadda ake maganar, za ka san ba kuɗin ne ke ciwo ba.

Mu kuma muna da hanyoyinmu tun kafin a haifi waya. Adashi na nan, na maza daban na mata daban. Duk mai tafiya gida, rabin jakarsa saƙon mutane ne. Haka kakanka ya yi shekara da shekaru yana fataucin goro a Kumasi: ya ɗaure kuɗi a tsumma ya ba wani Alhaji mai zuwa Kano, ba rasit ba shaida, kuma ban taɓa jin Hajiya ta ce kuɗin ya yi ciwon kai ba. A lokacin ma 'yan uwa cewa suke ya zama mutumin Gwanja, ya manta gida.

To, ga wani dalilin naka. Na san ana cewa tun da na auri Ba'amurkiya hannuna ya ƙulle. Wannan matar da kuke kira "Baturiyar Kawu", alhali ta fi ka baƙi, a Musulunci aka haife ta a Brooklyn, kuma ita ke tuna mini ranar turawa in na sha'afa. Tuwonta na samolina ne, miyar kukarta sai a hankali, amma da aka kwantar da Hajiya a asibiti, kuɗin adashinta ta ɗauka ta ba ni ban roƙa ba. Abin da ya sa kuɗin Hajiya ya ragu, hayar gida ce da ta hau, da kuɗin jami'ar ƙanwarka.

Ƙanwar taka kuwa, da kuka yi wa dariya a bidiyo don ta ce "ina kwana" da yamma, albashinta na farko a kantin magani ta cire dala hamsin ta ce a kai wa kakarta. Ban koya mata ba, gani ta yi ana yi. In Hausa a baki kaɗai take, to mun yi asara, na yarda. A unguwar nan akwai 'yan Nima ta Accra da 'yan Maraɗi da mu 'yan Kano, kowa na gyara wa kowa Hausa, kowa kuma yana cikin layin turawa a ƙarshen wata.

Ka gaida mamanka, ka ce kuɗin magani na tafe ranar Litinin. Kuma kukar da aka aiko mini bara rabinta yashi ne, a canza mai sayarwa.