'Ya'yan Ibrahim nawa ne a Littafi Mai Tsarki?

Ɗan'uwa, ka ce a wata muhawara a Omdurman aka tambaye ka yadda Farawa 22:2 ta kira Ishaku tilon ɗan Ibrahim, alhali Isma'ilu ya girme shi, Galatiyawa 4:22 kuma ta ce 'ya'yan biyu ne.

Littafin bai ɓoye Isma'ilu ba: an haife shi Ibrahim yana da shekara 86, Ishaku kuwa sai da ya cika 100. Amsar da malaman Kirista suke bayarwa tana cikin Farawa sura 21, inda Ibrahim ya tashi da sassafe, ya ɗora wa Hajaratu, mahaifiyar Isma'ilu, gurasa da salkar ruwa a kafaɗa, ya sallame ta da yaron, suka nufi jejin Biyasheba. Saboda haka lokacin da umarnin hadaya ya zo, Ishaku kaɗai ya rage a gidan, kuma tun a sura 17 aka ce ta kansa alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim zai tabbata, ko da yake an sa wa Isma'ilu albarkar haifar sarakuna 12. A ganina hujjar alkawarin ta fi ta sallamar ƙarfi, domin sura 25 ta nuna su biyun tare suna binne mahaifinsu a kogon Makfela, wato nisa bai yanke zumunci ba.

Bulus kuwa, wanda ya rubuta Galatiyawa, misali yake bugawa da ɗan baiwa da ɗan 'yantacciya, ba ƙidaya yake yi ba, shi ya sa bai ambaci 'ya'yan Ketura, wata matar Ibrahim, su 6 ba.