Likita na amsa: ɗingishin yaro da ciwon kwatangwalo

Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi: Likita, ɗana mai shekara 7 ya fi wata uku yana ɗingishi, kullum gwiwa yake nunawa. A asibitin Komfo Anokye aka ɗauki hoton kwatangwalonsa, aka ce cutar Perthes ce. Kakarsa kuma ta dage sai an kai shi wurin mai ɗori. Me ya haɗa gwiwa da kwatangwalo, kuma zai warke?

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Jijiyoyin da ke ɗauko zafi daga kwatangwalo su ne suke sauka har gwiwa, shi ya sa yaro ke nuna gwiwa alhali matsalar tana sama. A wannan cuta jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya ne yake yankewa na wani lokaci, sai ƙashin ya yi laushi, daga baya jiki ya sake gina sabo. Ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 10, kuma maza sun fi mata samunta nesa ba kusa ba.

Yana warkewa, sai dai abin na haƙuri ne, don yakan ɗauki shekara 2 zuwa 4. Aikinmu a wannan tsakanin shi ne kan ƙashin ya zauna daram cikin gurbinsa, kamar curin fura a cikin ƙoƙo, don idan ya taurare ya taurare a mulmule. Wani yaron hutu da motsa gaɓa a wurin masu gashin ƙashi sun ishe shi, wani sai da sanduna ko filasta, wani kuma, musamman wanda ya haura shekara 8, sai an yi masa tiyata.

Ki lallashi Kaka, ki ce mata babu karaya balle a ɗora. Ja da murza da tsaga ba za su dawo da jini ba, ƙashin mai laushi kawai za su wahalar.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciyar yaron. Ya zauna bakin ƙofa yana kallon sa'o'insa suna buga ƙwallo a lungu, an ce kada ya yi gudu, kada ya yi tsalle, shi kuwa yau ba ya jin ciwon komai. Idan ya saci jiki ya fita, kada a dake shi. Ki nuna masa hoton ƙashinsa, ki yi masa bayani daidai hankalinsa. Kada a cire shi daga makaranta, ta boko ko ta allo. Ki roƙi malam ya ba shi kujera maimakon zaman tabarma, kuma ya tsawata wa duk mai ce masa gurgu.

Daga wani uba a Asawase: 'Yata mai shekara 13 tana da sikila. Ciwon da ya saba tashi yakan lafa, amma wannan na matsematsinta ya ƙi tafiya, har saka takalmi yana ba ta wuya.

Malam, kada ka lissafa wannan cikin tashin sikila na yau da kullum. Ƙwayoyin jinin mai sikila sukan toshe ƙananan hanyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinya, wani ɓangarensa ya mutu. Masu nau'in sikila na SC ma suna samun haka, ba masu nau'in SS kaɗai ba. Ka faɗa wa likitocinta na sashen sikila da bakinka cewa kwatangwalo ne. Da farko hoton ƙashi na iya fitowa lafiya lau, sai hoton MRI, wanda ya fi ganin cikin jiki dalla-dalla, ya nuna. Ta rage taka ƙafar, kuma a daina aikenta ɗebo ruwa.

Daga wata mai jego a Tafo: An ce mini goyo yana buɗe wa jariri ƙafa. Gaskiya ne?

Ci gaba da goyonki, ƙanwata. Zaman da jariri ke yi a baya, cinyoyi a ware, gwiwoyi a sama, shi ne zaman da ya fi dacewa da kwatangwalo. Abin gudu shi ne a miƙe masa ƙafafu a naɗe su tam da zane. Idan ya zo ta ƙafa lokacin haihuwa, ko kin ga cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar sa'ad da kike masa wanka, ki faɗa a wurin awo. Idan aka ga kwatangwalon ya goce, kafin wata 6 ɗamarar Pavlik, wadda ke riƙe cinyoyin jariri a ware, kan gyara gocewar ba tare da tiyata ba.

Daga wani dattijo a Nima, Akara: Jikana mai shekara 3 ya tashi da zazzaɓi tun jiya, ya ƙi taka ƙafa, ko taɓa cinyar aka yi sai ya ƙwala ihu. Mun ba shi maganin maleriya.

Baba, wannan ba ya jiran gobe. Zazzaɓi da ƙin taka ƙafa na iya nufin ƙwayar cuta ta shiga gaɓar ta tara mugunya, kuma mugunya tana cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Ku ɗauke shi yanzu zuwa sashen gaggawa na yara, a asibitin Korle Bu ko babban asibitin da ya fi kusa da ku. Ku tafi da katin inshorarsa da kwalin maganin da kuka ba shi. Kada a ba shi abinci a hanya, don mai yiwuwa a shiga da shi ɗakin tiyata a wanke gaɓar yau ɗin nan.