Ko ruwan darbejiya da bagaruwa na maganin yaushin dankalin turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman dankalin turawa a gefen Ngaundare. Bana sai na ga shuka tana yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take, kwana kaɗan ta mutu. An ce in fesa ruwan darbejiya ko na bagaruwa. Zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka daka komai, fara tabbatar da cutar. Yanke karan shukar da ta yi yaushi daga gindi, ka tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garau, kada ka motsa. In cikin 'yan mintuna ka ga wani farin abu kamar zaren nono yana sauka, to bakteriyar Ralstonia ce. Tsaga dankalin ma: za ka ga zobe mai launin ruwan ƙasa a ciki, in ka matsa ya fito da farin ruwa mai yauƙi, ƙasa kuma na manne wa idanunsa.

In ita ce, ba zan ɓoye maka ba, feshi ba ya tayar da shukar da ta kamu. Ƙwayar tana cikin jijiyoyin da ke kai ruwa sama, ta toshe su, ruwan da ka fesa kuwa a bayan ganye yake tsayawa. Gaskiya ne sinadarin tanin na 'ya'yan bagaruwa, wanda majema ke jima da shi, yana hana bakteriya yaɗuwa a faranti a ɗakin gwaji. Amma faranti daban, gona daban. Wadda ta kamu ka tuge ta da dankalinta da ƙasar gindinta, ka sa a buhu ka fitar, ka ƙona. Kada ka jefa ta a kwari inda ruwa zai kai wa maƙwabci.

Inda darbejiya ke da amfani shi ne rigakafi. Bakteriyar tana shiga ta raunin saiwa, ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani su ne ke yawan buɗe mata ƙofa. Tunkuzar 'ya'yan darbejiya, wadda ta rage bayan an tatse mai, tana rage su. Zuba tafi guda a kowane rami, ka cuɗa da ƙasa mako 2 kafin shuka, don in ta taɓa tsiron kai tsaye tana iya ƙona shi. Na feshi kuma, don ƙwari masu tsotson ganye: daka gram 500 na busassun 'ya'ya, jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, tace da kyalle, ƙara ɗan sabulu, ka fesa da yamma a ranar. Rana tana kashe ƙarfinsa, shi ya sa wanda ya fesa da hantsi ke cewa bai ga aiki ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tsoma iri gaba ɗaya a baho ɗaya na jiƙon ganye. Dankali guda mai cuta ya isa ya shafa wa sauran, jiƙaƙƙen iri kuma ruɓa ce ke binsa, ruɓa mai wari da ke narkar da dankali a buhu. Shuka ƙananan iri ba tare da yanka ba. In yankan ya zama dole, tsoma wuƙar a ruwan jabel (bilic na wanki), kashi 1 cikin 10 na ruwa, bayan kowane dankali.

Wannan gonar kuma ka hutar da ita daga dankali shekara 4 ko fiye, ka sa masara ko dawa. Tumatir, barkono, gauta da taba duk dangin dankali ne, cutar na rayuwa a jikinsu. Kada ka ɗebi irin baɗi daga cikinta, ko da ya yi kyau a ido, domin a wuri mai sanyi kamar tudun Adamawa ƙwayar kan ɓuya a cikin dankali ba alama, sai an shuka ta tashi.